Kafin Ku Hau Chappal Waddi

Ƙannena na Gidan Katta da Kalmalo da Araba da cikin garin Illela, ku ba waɗanda za a koya wa tafiya ba ne. Yaron bakin iyaka yakan san kuɗin mota zuwa Sakkwato da canjin sefa tun bai gama firamare ba. Kun tashi kuna ganin tireloli suna lodin shanu ranar Lahadi, kuna jin 'yan kamasho suna kiran Ƙonni da Tawa da Gusau da Legas. A cikinku akwai wanda ya je Kurmi ya dawo bai cika shekara 20 ba, akwai wanda ƙafarsa ta taka Agadas. To amma ku tare wanda ya je Legas ɗin nan, ku tambaye shi gulbi nawa ya ƙetare, ko a wane gari ya daina ganin kuka da giginya ya fara ganin kwakwar manja. Da wuya ku sami amsa. An ɗora shi a Illela an sauke shi a Alabar Rago kamar buhun albasa, rabin hanya yana barci, sauran rabin kansa na cikin waya.

Ban ga laifinsa ba, abinci ya je nema. Sai dai ina so kowannenku, ko sau ɗaya ne kafin aure da ɗawainiya su ɗaure shi, ya yi wata tafiya dabam, wadda ba saye ba sayarwa, ba ci-rani ba biki, tafiyar da aka yi ta don a ga ƙasa. Ina kuma so ku sa mata buri babba: ku tsaya a wuri mafi tsawo a duk faɗin Najeriya, dutsen Chappal Waddi, wanda wasu ke kira Gangirwal, can jihar Taraba a kan iyakar Kamaru, mai tsawon mita 2,419 daga bakin teku. Mu nan ƙasar Sakkwato muna zaune ne a kan kimanin mita 300. Daga iyakarmu zuwa waccan iyakar tafiya ce da ta haura kilomita 1,500. Wanda ya yi ta ido buɗe zai dawo da abin da shekara guda a aji ba za ta ba shi ba. Wanda kuma ya yi ta a guje don ya ɗauki hoto a ƙololuwa ya sa a Facebook, kuɗinsa kawai ya ƙone.

Shi ya sa ba zan fara muku da Taraba ba. Zan fara da bayan gidanku.

Ruwan tafkin Kalmalo daga ina yake zuwa? Na sha yi wa samari wannan tambaya, waɗanda iyayensu suka ci kifinsa suka noma albasa a bakinsa, kaɗan ne ke da amsa. Ruwan nan kwarin Majiya ne ke kawo shi, ita kuwa Majiya daga tsaunukan Adar take tasowa, a cikin Nijar, ta gangaro ta gefen Birnin Ƙonni ta tsallako iyaka ta zube mana. An yi madatsun ruwa a kanta can sama, a Mozage da Zango, don noman rani na Ƙonni. Duk wanda ya san wannan ba zai ƙara ɗaukar cikar Kalmalo ko ƙafewarsa a matsayin abin da ke faɗowa daga sama kawai ba. Zai gane cewa damina a Adar da shawarar da ake yankewa a wata ƙasa suna da hannu a tukunyar gidansu. A kwarin Majiyar nan ne kuma aka fara dasa dogayen layukan bedi tun 1975 don kare gonaki daga iska, aikin da ya yi suna har ƙasashen waje, mu da muke maƙwabta ba mu je mun gani ba. In hanya ta yi kyau kuma takardunku sun cika, wannan yini ɗaya ne ko biyu a kan babur.

Sannan ga tuddan nan masu shimfiɗaɗɗen kai da kuke wucewa a hanyar Gwadabawa da Wurno da Goronyo. Ba su da tsawon da za a yi alfahari da shi, shi ya sa ba mai waiwayarsu. Ku sami ɗaya ku hau da sassafe, ku duba gefen da ruwa ya zaizaye. A sama za ku ga jar marmara mai tauri, ita ce ta hana tudun narkewa. Ƙarƙashinta akwai laka, akwai farar ƙasa, kuma a cikin farar ƙasar nan, in kun yi haƙuri, kuna iya tsintar ƙumba da katantanwa da suka zama dutse. Masana ilimin ƙasa sun tabbatar cewa shekaru miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce teku ne ya rufe wannan yankin. Farar ƙasar da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti, da wadda ake haƙa a Malbaza ta Nijar, duk abin da tekun nan ya bari ne. A ƙasar Goronyo an tono ƙasusuwan wata babbar dabbar teku mai dogon baki da haƙora, har masana suka raɗa mata sunan garin a 1972, suna kiranta Goronyosaurus. Ɗalibai a Italiya da Ingila sun karanta labarinta. Ina jin ciwo a raina idan na tuna cewa yaron Goronyo zai gama sakandare bai taɓa jin haka ba. Ku je ku ɗauki ƙumbar nan a tafin hannunku a tsakiyar bazara, rana na dukan kanku, ku tuna cewa wurin nan ƙasan ruwa ne a da. Ban san wa'azin da ya fi wannan shiga zuciya a kan ikon Allah ba.

Tarihinmu ma a kan hanyar nan yake a shimfiɗe. Degel, inda Shehu Usmanu ya zauna ya karantar kafin hijirarsa zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, ba ta da nisa da Gwadabawa. Wurno tana nan, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi kuma aka binne shi a 1837. Ku lura da inda ya zaɓa ya kafa garin, a kan tudu yana kallon fadamar Rima, za ku gane cewa mutumin ya san ƙasa. Hasali ma littafinsa Infaƙul Maisuri da bayanin ƙasashe ya fara kafin ya shiga labarin jihadi, kuma lokacin da Baturen nan Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, Bello ya ba shi taswirar da ke nuna yadda Kwara take tafiya. Turawa sun yi shekaru suna mutuwa a neman wannan sani. Ku jikokin mutanen da suka ɗauki sanin gulabe da duwatsu a matsayin ilimi ne, ba yawon banza ba.

Ku ma 'yan mata ba a bar ku a baya ba. A zamanin Nana Asma'u mata suna tasowa daga ƙauyuka a ƙasa, ƙungiya-ƙungiya, jaji na gabansu, su zo ɗaukar karatu su koma su koyar. Su ne 'yan taru. Da izinin iyaye da rakiyar muharrami ko malaman makaranta, babu abin da zai hana ku ganin Wurno da madatsar ruwan Goronyo da Hubbare, ku kuma hau tudu ku ga garinku daga sama.

In kun gama da gida, sai a ɗauki hanyar gabas. A nan dole in yi muku magana ba ɓoye-ɓoye. Hanyar Sakkwato zuwa Talatar Mafara zuwa Gusau zuwa Funtuwa ta ci rayukan bayin Allah da yawa a 'yan shekarun nan, an sace wasu, an talauta gidaje wurin biyan kuɗin fansa. Mu ma nan gefenmu ba mu tsira ba. Babu dutsen da ganinsa ya kai hawayen uwa. Kada ku yi tafiyar dare, kada ku shiga motar da ba ta tasha ba, kada ku ratse daji don wani ya ce akwai wuri mai kyau a ciki. Ku tambayi direbobin da suka iso yau, ba wanda ya bi hanyar watan jiya ba. In suka ce a dakata, ku dakata, ko da shekara za a yi. Dutsen yana nan bai zuwa ko'ina. Ku kuma riƙe katin ɗan ƙasa a jikinku, domin shingayen bincike suna da yawa, kuma saurayi mai jaka a baya da Hausar Sakkwato a baki zai sha tambaya.

Bayan Gusau kaɗan za ku ga dutsen Kwatarkwashi ya taso a gefen hanya, baƙi, sumul, ba irin tuddanmu ba. Ƙasa ta riga ta canza, kun bar shimfiɗar tsohon teku kun hau tsohon dutse. Ko daga tagar mota ku dube shi da kyau. A wajen Funtuwa kuma gulbin Sakkwato yake tasowa, ruwan da ke ratsa Gusau ya zo ya haɗu da Rima. Kun bi shi ke nan har kusa da mafarinsa.

A Zariya ku sauka ku kwana, ku hau Kufena. Nan ya kamata ku fara gwada ƙafafunku da numfashinku. Dutse ne tsagwaro, hawansa bai da tsawo amma yana da santsi, zai nuna muku ko takalminku na da kirki. Daga sama za ku ga yadda tsofaffin ganuwoyi suka kewaye wurin, ku fahimci dalilin da ya sa mutanen da can suke manne wa duwatsu: dutse mafaka ne, wurin hango mahara ne, kuma gindinsa ba ya rasa ruwa. Haka Dala take a Kano, inda aka sami alamun ƙira da narkar da tama tun wajen ƙarni na 7, inda labarin Barbushe ya samo asali. Garuruwanmu da dama a gindin dutse aka haife su, sunayen Dutse da Dutsin-Ma da Dogon Dutsi sun isa shaida. Sai da aka sami zaman lafiya da hanyar mota mutane suka sauko fili.

Daga Zariya zuwa Jos hanya takan yi ta hawa a hankali, ta Fambeguwa da Saminaka, sai kawai ku ji iska ta sauya. Jos tana kan kimanin mita 1,200. Ƙa'idar ita ce, duk mita 1,000 da aka hau, zafi yakan ragu da wajen digiri 6. Ku riƙe wannan lissafin, zai yi muku amfani a gaba. A gabashin garin akwai duwatsun Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta kai mita 1,829, wuri mafi tsawo a jihar Filato. Wanda ya hau Shere ya sauko lafiya ya san ko zai iya Chappal Waddi. Wanda Shere ta gagara, ba abin kunya ba ne, ya koma gida ya ƙara shiri. Wani abu da nake so ku lura da shi a Filato shi ne ruwa. Ruwan saman da ya sauka a tudun nan yakan rabu uku: wani ya bi kogin Kaduna zuwa Kwara, wani ya bi Gongola zuwa Binuwai, wani ya nufi arewa maso gabas zuwa tafkin Cadi. Ga kuma manyan kududdufai da tarin ƙasa da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa. Kakannin wasunku sun yi aikin kuzar nan, wasu da son ransu, wasu an tilasta musu lokacin yaƙin duniya na biyu. Kuma Jos gari ne da ya sha rikici, saboda haka ku sauka inda aka san ku, ku bi shawarar mai masaukinku game da unguwannin da za ku shiga.

Bauci za ta ja ku zuwa Yankari, in aljihu ya yarda ku je. Akwai giwaye, akwai maɓuɓɓugar Wikki mai ruwa garai-garai wanda ɗuminsa ke tsaye a digiri 31 rani da damina. Ku kiyayi gwaggon biri, yana fizge abinci a hannu.

Amma inda nake roƙon ku tsaya da zuciya ɗaya shi ne ƙasar Gombe. A ranar 15 ga Maris 1903 Turawa suka ci Sakkwato a Giginya, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fita ya nufi gabas, dubban mutane suka bar gonakinsu da gidajensu suka bi shi. Hanyar da ku za ku yi a kwana biyu ko uku cikin mota, su a ƙasa suka yi ta, da tsofaffi da goyo. A Burmi, kusa da Bajoga, aka yi karon ƙarshe a watan Yulin wannan shekara, a nan ya yi shahada. Waɗanda suka tsira suka wuce har Sudan, inda zuriyarsu take har yau a garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Ɗan Sakkwato bai kamata ya ratsa ƙasar nan yana barci ba. Ko ba ku sami zuwa Burmi ba, ku yi musu addu'a a inda kuka tsaya salla.

Kudu da Gombe, wajen Kaltungo, duwatsu masu tsini za su fara fitowa, cikinsu har da dutsen Tangale da ake hangowa daga nesa. A Kaltungon nan akwai asibitin da ya shahara da jinyar saran maciji, domin kububuwa ta yi yawa a yankin. Ku ɗauki darasi tun daga nan: kada ku cusa hannu a ramin dutse, kada ku taka inda ba ku gani, ku girgiza takalmi kafin ku sa da safe. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsewa, ba a ɗaure wurin tamau. A kwantar da mutum, a hana gaɓar motsi, a garzaya da shi inda ake da allurar kashe dafi. A Numan za ku hau gadar Binuwai, kusa da inda Gongola ta zubo a cikinta, ruwan Filato da kuka baro ya riga ku isowa. Daga nan sai Jalingo, sai Bali, sai Serti.

A Serti hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take, gandu mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, an kafa shi a 1991. Chappal Waddi a cikinsa yake. Ku shiga ofis ku gabatar da kanku, ku biya abin da doka ta ce, ku ji abin da ma'aikata za su gaya muku game da hanya da tsaro. Kada wani ya ruɗe ku da cewa ya san ɓarauniyar hanya. Mu 'yan iyaka mun saba da ɓarauniyar hanya har mun ɗauke ta wayo, to a can ba wayo ba ne. Dajin nan yana da ɓauna da damisa da birai iri-iri, har da wanda ake kira cimfanzi, kuma ma'aikatan ne za su neme ku in kun ɓata.

Daga Mayo Selbe hanya take fara hawa tudun Mambila, tana lanƙwasa tana nannaɗe dutse, kwazazzabo a gefe guda. Kunnuwanku za su toshe, ku haɗiye yawu su buɗe. In kun kai sama za ku ga abin da ba ku taɓa zaton akwai shi a ƙasar nan ba: tuddai kore shar har iyakar gani, shanu jajaye masu ƙiba, gonakin shayi a Kakara, ayaba, itatuwan turare, mutane sanye da rigunan sanyi da tsakar rana. Yankin nan a da yana hannun Jamus, ya koma hannun Ingila bayan yaƙin duniya na farko, sai a ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 mutanensa suka zaɓi zama a Najeriya. Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah, ya yi tsayin daka wurin jawo su, shi ya sa ƙaramar hukumar da Gembu ke hedikwatarta ake kiranta Sardauna. Za ku ji Hausa a kasuwa, amma Fulatanci ya fi tafiya, ga kuma harsunan Mambila da Kaka da wasunsu. Ku koyi gaisuwa da godiya a bakin mutanen wurin. Ƙasa ce da ta ga rikicin manoma da makiyaya, kada ku tsoma baki a gardamar da ba ku san tushenta ba.

Masu hawa sukan bi ta wajen Nguroje, su hau babur zuwa ƙauyukan da ke kusa da gindin dutsen, daga nan sai ƙafa. Lokacin da ya dace shi ne rani, daga Disamba zuwa Maris. Da damina hanya takan lalace, rafuka su cika, hazo ya rufe dutsen. Duk ƙauyen da kuka sauka ku fara da gidan jauro ko arɗo, ku gaishe shi, ku faɗi ko ku su wane ne da abin da ya kawo ku. Ku ɗauki ɗan jagora daga mutanen wurin, ku yi ciniki da shi tun kafin a tashi, ku biya shi cikakke. Kada ku ɗauki hoton mace ko yaro ko garken wani ba da izini ba.

Yanzu ga hawan kansa. Abin da ke kayar da samari irinku ba rashin ƙarfi ba ne, gaggawa ce. Na ga ƙato majiyi ƙarfi ya tashi da gudu yana yi wa na baya dariya, kafin hantsi ya zauna yana haki, wani dattijo Bafulatani da sandarsa ya zo ya wuce shi a hankali. Ku yi tafiyar da za ku iya magana a cikinta. In numfashi ya hana ku gama jimla, kun yi sauri. Mafi rauni a cikinku shi za a sa gaba, bayan jagora, kowa ya bi takunsa, kuma kada a rabu ko da wani ya ce ku wuce zan same ku. Ba a barin mutum shi kaɗai a dutse.

Takalmi ya zama mai rufi mai kama ƙasa, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. Silifa da sabon takalmi duka azaba ne. Ku tuna lissafin digiri 6: tsakanin Illela da ƙololuwar nan akwai fiye da mita 2,000, ga iska ga raɓa, saboda haka sanyin dare a can ya wuce duk hunturun da kuka sani. Ku tafi da rigar sanyi da hula da bargo da babbar leda ta kare ruwa. Jiƙaƙƙen kaya a cikin iska shi ke kashe mutum, ba sai an yi ƙanƙara ba. Guzurinmu na gida ya fi duk wani abin gwangwani dacewa: dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi, garin rogo da sukari, soyayyar gyaɗa. Ruwa kuwa kowa ya ɗauki aƙalla lita 3 a yini, ku riƙa kurɓa tun ba ku ji ƙishi ba, na rafi kuma a tafasa shi. Ku sa ƙullin gishiri da sukari a jaka saboda gudawa, da tocila, da ashana a cikin leda. Waya ba za ta sami sabis a wurare da yawa ba, don haka tun a ƙasa ku sanar da gida ranar da za a ji ku.

Salla ba ta faɗuwa don ana hawan dutse. Kafin ku bar gida ku zauna da malami ya warware muku hukuncin ƙasaru da haɗa salloli da taimama. A mazhabarmu ta Malikiyya tafiyar mil 48 ce ke halatta ƙasaru, kuma niyyar zaman kwana 4 a wuri tana yanke shi. Ku san alƙibla da rana da inuwa, kada ku dogara da waya kaɗai.

Abu mafi wuya da zan roƙe ku shi ne wannan: tun kafin ku tashi, ku yanke lokacin juyowa, ku yi alkawari a kansa. In lokacin ya yi ba ku kai ba, ku juyo, ko da kuna hango ƙololuwar. In hadari ya haɗo, ku sauka daga kan tsololo nan take, domin tsawa wuri mafi tsawo take nema. In ɗayanku ya fara ciwon kai mai tsanani ko jiri ko amai, tafiya ta ƙare, a sauko da shi. Na san abin da zuciya za ta raya muku, kuɗin da aka tara, nisan da aka yi, abin da abokai za su ce a majalisa. A manyan duwatsun duniya, har da Everest mai mita 8,849, da yawan waɗanda suka mutu sun kai sama, a hanyar saukowa suka halaka, saboda sun ƙarar da ƙarfinsu da hasken ranarsu wurin hawa. Saurayin da ya iya cewa mu koma alhali saura kaɗan, shi zan ba amanar ƙanena.

In Allah ya kai ku, za ku tarar da ciyawa da iska da duwatsu jere har cikin Kamaru. Ku yi hamdala, ku yi hotonku, babu laifi. Amma ku ɗan ajiye wayar ku sa jagoranku ya nuna muku ina ne gabas, wane kwari ne wancan, ruwansa ina yake zuwa. Dazuzzukan tsaunukan nan ne ke shayar da kogin Taraba da sauran rafukan da ke ciyar da Binuwai, shi ya sa sare su ba ƙaramar ɓarna ba ce ga mutanen da ke nesa da nan. Kada ku rubuta sunanku a jikin dutse, kada ku bar leda ko gorar roba, kada ku tashi ku bar wuta ba ku kashe ta da ruwa ba. Ciyawar rani a can ashana ɗaya ta ishe ta.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, kuma a nan ake yawan zamewa, domin jiki ya gaji hankali ya riga ya koma gida. Ku sari sanda, ku gajarta taku, ku riƙa saukowa a karkace inda gangaren ya yi tsanani, ku bar tazara tsakaninku saboda dutsen da ƙafar na sama za ta turo. Kowane dare kafin barci, ko a dutse ko a masauki, mutum ɗaya ya rubuta abin da aka gani a littafi: sunan gari, kuɗin mota, abin da ake nomawa, sunan wanda ya yi muku alheri. 'Yan bayanku za su bi wannan littafin, kuma da shi za ku san nawa za a zuba a adashi in wasu sun tashi tafiya baɗi.

In kun iso gindin dutsen kada ku hau babur ku wuce. Ku koma gidan jauron da kuka gaisar, ku shaida masa kun sauko, ku nawa kuka hau ku nawa kuka dawo, sannan ku sanar da ma'aikatan gandun. In ba ku yi haka ba, akwai mutanen da za su bar aikinsu su shiga daji neman ku.